Yadda ake gano abincin da bai karɓi jikinka ba idan kana fama da ciwo mai daɗewa

Gwaggona ta yi kusan shekara uku tana fama da ciwon gwiwa da kumburin ciki, kuma a tsawon lokacin nan da wuya a ce wani ya shigo gaishe ta ya fita bai hana ta wani abinci ba. Maƙwabciya ta ce nama ne, ta bari. Mai maganin gargajiya ya ce maiƙo ne ya taru mata, ta bar wake da gyaɗa. Aka ce tumatir da yakuwa, wai tsami. Aka ce kuɓewa na ƙara sanyi. Kifi ma bai tsira ba. Lokacin da na je mata kwana biyu, abin da na tarar ya rage mata shi ne shayi mai kauri da biredi safe da dare, da rana tuwo da miyar kuka lami, sai lemon kwalba idan zafi ya dame ta.

"Gwaggo, duk wannan abin da kika bari, gwiwar ta yi sauƙi kuwa?"

"Ina fa, 'yar nan. Sai dai godiyar Allah."

Daga baya muka gano madarar da take cika wa shayin ce ke kumbura mata ciki. Ita kaɗai ce ba wanda ya taɓa zargi. Gwiwar kuwa zaizayewar guringuntsi ce irin ta shekaru da nauyin jiki, ba ruwanta da wake. Hanyar da muka bi har muka kai ga wannan ita zan shimfiɗa a nan. Zan riƙa cewa "ka", amma har da ke nake.

Mataki na farko: fara sanin sunan ciwon

Abinci na iya rage wani ciwon, yana iya tayar da wani, amma akwai cututtukan da ko ka bar cin komai a duniya ba za su saurara ba. Saboda haka asibiti ne farkon zango. Kada ka tsaya gwajin abinci idan akwai ɗaya daga cikin waɗannan: jini a bayan gida ko bayan gida baƙi wuluk, rama ba dalili, zazzaɓi mai kai-kawo, gumin dare, amai mai yawa, wahalar haɗiya, gaɓa ɗaya da ta kumbura ta yi zafi kamar wuta, ko ƙagewar yatsu da safe da ke wuce rabin awa ba ta sake ba. Wannan na ƙarshe yakan nuna irin amosanin gaɓɓai da garkuwar jiki ke juyawa tana cin gaɓoɓin mai ita, kuma shi yana da magungunansa da ke hana yatsu lanƙwashewa idan an fara da wuri. Mai sikila ma ya sani ciwon ƙashinsa daga jini yake, abin da ya fi yi masa amfani a ɓangaren ci da sha shi ne ruwa mai yawa.

Likita na iya sa a auna jininka don ganin ko akwai kumburi a jiki, a duba yawan yurik asid (wani sinadari a jini da kan taru a gaɓa ya kawo ciwo), a duba ƙarancin jini, ko a nemi ƙwayar cutar da ke haddasa yawancin olsa. Tun da likitocin Ostireliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna ƙwayar cuta ce tushen galibin gyambon ciki, har aka ba su kyautar Nobel a 2005, an san magani ke kashe ta. Barin yaji yana rage raɗaɗi ne kawai.

Ka kuma gaya wa likita gaskiyar abin da kake sha. Masu ciwon jiki da yawa suna kan diklofenak ko ibufurofen kullum, wasu kuma haɗin kemis ne da ba su san me ke ciki ba, har da irin ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe. Waɗannan su kansu suna ƙona ciki, suna taɓa ƙoda. Sai mutum ya ɗora wa barkono laifin da na ƙwaya ne.

Akwai bambanci ɗaya da bai kamata a yi wasa da shi ba. Abincin da bai karɓe ka ba yakan kawo kumburin ciki, tusa, murɗa, gudawa ko kasala, bayan awa ɗaya ko ma washegari, kuma yawan abin da ka ci ne ke tsara tsananin abin. Shi kuwa wanda da ya ci gyaɗa ko kifi ko ƙwai sai borin jini ya feso masa cikin mintuna, leɓe ya kumbura, numfashi ya sarƙe, nasa daban ne, yana iya kisa, kuma ɗan kaɗan ya isa. Wannan jagorar ba tasa ba ce. Kada ya sake gwada abincin a gida ko da ɗanɗane.

Masu juna biyu, masu shayarwa, yara, masu ciwon ƙoda, masu ciwon suga da ke kan allura, da wanda dama ramamme ne, su ma kada su cire wani jigon abinci sai da sanin likita.

Mataki na biyu: sati biyu na rubutu, ba tare da sauya komai ba

Nan ne mutane ke ƙosawa, kuma nan ne rabin aikin yake. Sayi ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Kowace rana shafi ɗaya. Ka ci abin da ka saba ci, ka rubuta. Kada ka fara gyara hali don littafi na kallonka, domin abin da ake nema shi ne hoton rayuwarka yadda take.

Ga yadda wani shafi na littafin Gwaggo ya kasance, jikanta ɗan aji biyar ne marubucin:

Talata. 7 na safe: shayi, madarar gari cokali 3, suga cokali 3, biredi. 9 da rabi: ciki ya cika, gyatsa, tusa. Ciwon ciki 6. Azahar: tuwon masara, miyar kuka. La'asar: lemon kwalba 1. Gwiwa 7, ta je ta'aziyya a ƙafa. Dare: shayi da biredi. Barci bai yi daɗi ba.

Lambobin nan ma'aunin ciwo ne daga 0 zuwa 10, inda 0 ke nufin lafiya lau, 10 kuma ciwon da ba ka taɓa jin irinsa ba. Ka ba kowane ciwo lambarsa daban, ciki da nasa, gaɓa da tata, kai da nasa, sau biyu a rana. Kuma ka rubuta abin da ke cikin abincin, kada ka tsaya a sunansa. "Ɗan wake" bai wadatar ba, domin wani da garin rogo ake haɗa shi, wani da fulawa, wani ma fulawar ce zalla da kuka da kanwa. "Fura" bai wadatar ba, da wane nono aka dama? Akwai masu sayarwa da ke haɗa nonon da madarar gari.

A ƙasan shafi ka bar layi biyu na abin da ba abinci ba: awa nawa ka yi barci, ko ka yi aikin ƙarfi ko doguwar tafiya, ko hankalinka a tashe yake, ko sanyin hunturu ya sauko, ga mata kuma ranakun al'ada. Sau da yawa amsar a layukan nan biyu take. Mai ciwon ɓarin kai zai iya zargin abinci goma, littafi ya nuna masa duk ranar da kan ya sara ranar ce ya tsallake karin kumallo ko ya wuni a rana ba ruwa.

Bayan kwana 14, ka ɗauki jan biro ka zagaye ranakun da lamba ta fi hawa, sannan ka duba abin da ka ci a awa 24 kafin nan. Abin da ya yi ta maimaita kansa shi ne wanda ake tuhuma.

Mataki na uku: zaɓi abu ɗaya

Ɗaya tak. Idan ka cire biyar lokaci guda ka ji sauƙi, ba ka san wanne ne ba, sai ka ƙare rayuwarka kana gudun huɗu marasa laifi. Ga waɗanda suka fi yawan fitowa, da abin da ya kamata ka sani kan kowanne.

*Madara.* A cikinta akwai wani sukari da ake kira laktos, kuma hanji na buƙatar wani sinadari kafin ya narkar da shi. Jarirai suna da shi a wadace, amma wajen kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya yana raguwa a jikinsu bayan yaye. Al'ummomin da suka gaji kiwo, kamar Fulani, da yawansu suna riƙe shi har tsufa, shi ya sa wani zai shanye ƙwarya lafiya lau, maƙwabcinsa kofi ɗaya ya hana shi zama a masallaci. Madarar gari da ta gwangwani duk suna da laktos. Kindirmo da nono mai tsami da yogot sun fi sauƙi, domin ƙwayoyin da suka tsamar da su sun cinye wani kaso. Man shanu kusan babu. Awarar waken suya babu ko kaɗan.

*Alkama.* Nan akwai gargaɗi kafin ka taɓa komai. Akwai cutar da ake kira siliyak, wadda ke samun kusan mutum ɗaya cikin ɗari, inda sinadarin gulutin da ke cikin alkama da sha'ir ke sa garkuwar jiki ta lalata bangon hanji. Tana zuwa da gudawa, rama, ƙarancin jini da ba ya jin magani, har da ciwon gaɓoɓi. Gwajin jininta yana aiki ne idan kana kan cin alkama. In ka bari tukuna sannan ka je, sakamako zai iya fitowa lafiya alhali cutar na nan. To in alkama kake zargi, a fara ɗibar jinin. Wanda aka tabbatar yana da ita barin alkama zai yi har abada, ba ragewa ba.

Alkama ta shiga cimarmu fiye da yadda muke lura: biredi, taliya, indomi, makaroni, kuskus, semo, fanke, cincin, funkaso, alkaki, gurasa, biskit, kek, da duk abin da aka ce an sa masa fulawa don ya kama. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, doya da dankali ba su da gulutin. Mai siliyak ya kula da injin niƙa: in an niƙa alkama kafin masararsa, garin ya gauraya ke nan.

*Wake, albasa, tafarnuwa da 'yan uwansu.* Masu bincike a Jami'ar Monash da ke Melbon a Ostireliya, Peter Gibson da Susan Shepherd, su suka fito a 2005 da bayanin wani rukunin sukari da hanji ba ya tsotsewa da kyau, wanda suka kira FODMAP. Yana janyo ruwa cikin hanji, ƙwayoyin ciki su ci shi su saki iska. Ga mai lafiyayyen hanji tusa ce kawai. Ga mai hanji mai saurin fushi, murɗa ce da kumburi da gudawa ko taurin bayan gida. Yana cikin wake, albasa, tafarnuwa, alkama, madara, zuma, mangwaro, kankana da tuffa. Ka lura duk abinci ne masu kyau, shi ya sa ba a barinsu dindindin.

*Nama da kayan ciki.* Idan ciwonka irin wanda ke tashe ka cikin dare ne, babban yatsan ƙafa ya kumbura ya yi ja, ko zanen rufa ba ka son ya taɓa shi, mai yiwuwa gaut ne, wato yurik asid ya taru ya zama ƙananan tsinke a gaɓa. Hanta, ƙoda, farfesun kayan ciki, tsire da balangu da yawa, kifin sadin, giya, da lemon kwalba duk suna ɗaga shi. Ba mamaki mai gaut ya kwanta a satin Babbar Salla. Wake da ganye ba sa cikin masu laifi a nan, duk da ana yawan hana su. Sai dai gyaran abinci ba ya sauke yurik asid sai kaɗan, wanda abin ke dawo masa akai-akai yana buƙatar maganin likita na kullum. Wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari ma suna ɗaga shi, amma wannan magana ce ta tattaunawa da likita, kada ka daina da kanka.

*Tumatir, tattasai, attaruhu, gauta, da farin magi.* Su aka fi zargi a bakin mutane, su kuma hujja ta fi yi wa ƙaranci. Yaji na tayar da ƙwannafi, wannan gaskiya ne. Amma cewa tumatir na kawo ciwon gaɓa, bincike bai tabbatar ba. In littafinka ya nuna su, gwada kamar kowane abu. In bai nuna ba, bar miyarka ta huta.

Za ka ga ana tallar wani gwajin jini mai tsada da wai zai jero maka abinci talatin ko arba'in da jikinka ba ya so. Ƙungiyoyin likitocin wannan fanni ba su amince da shi ba, domin abin da yake aunawa alama ce kawai ta cewa ka saba cin abincin. Kuɗinka ka sayi kifi da su.

Mataki na huɗu: cirewa

Matsalar ciki, sati 2 zuwa 4 sun isa. Ciwon gaɓa ko na jiki, ba shi sati 4 zuwa 6, don shi ba ya saurin nunawa. A wannan lokaci cirewar ta zama cikakkiya. In madara ce, har da wadda ke cikin biskit, alewar madara, askirim da yogot. Karanta jikin leda. In ba ka iya ba, sa yaro ya karanta maka.

Kafin ranar farawa, zauna da mai girkin gidan a tsara abin da zai maye gurbi, in ba haka ba ranar uku yunwa za ta mayar da kai. Wanda ya bar biredi da shayi zai iya karyawa da koko da ƙosai, kunun gyaɗa, waina, dafaffen dankali da ƙwai, ko ɗumamen tuwo. Wanda ya bar madara ya nemi abin da zai ba ƙashinsa ƙarfi a zogale, kuka, riɗi, awara, da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu. Wanda ya bar albasa da tafarnuwa akwai dabara: abin da ke damun cikinsa a ruwa yake narkewa, ba ya narkewa a mai. Sai a yanka albasar manya-manya, a soya a mai, a tsame ta tas kafin a zuba ruwan miya. Ƙamshin ya shiga, matsalar ta fita. Lawashi, wato koren ganyen albasa, shi ma yawanci ba ya tayar da ciki.

Kada ka sauya wani abu a wannan lokaci. Kada ka fara sabon magani na gargajiya, kada ka daina na asibiti, kada ka shiga sabon motsa jiki. Kuma kada ka fara a watan azumi ko satin biki, lokutan ci da barci duk sun juye, ba abin da za ka iya karantawa a littafin. Ci gaba da rubuta lambobinka.

A ƙarshe ka kwatanta da sati biyun farko. Idan ciwon da ke zama a 6 ko 7 ya koma 2 ko 3, akwai magana. Idan daga 6 ya koma 5, wannan kai-kawon ciwo ne na yau da kullum. Mayar da abincin, ka ɗauko na gaba a jerin tuhuma.

Mataki na biyar: mayar da shi

Wannan ne matakin da kusan kowa ke tsallakewa. Mutum ya ji sauƙi, sai ya ce ya gano, ya rufe littafi. Amma ciwo mai daɗewa dama hawa da sauka yake, kuma mun fi fara neman mafita a lokacin da ya yi tsanani, wato daidai lokacin da zai fara sauka da kansa. Ga shi kuma sa rai kaɗai yana rage ciwo. Ba a kama mai laifi sai abin ya tafi da aka cire, ya dawo da aka mayar.

Haka ma aka tabbatar da alaƙar alkama da siliyak. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, ya daɗe yana zarginta. A yunwar da ta afka wa ƙasar a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1944 da 1945, biredi ya ɓace, yaran da ke da cutar suka murmure, da biredi ya dawo ciwonsu ya dawo.

Yi shi a kwana uku. Ɗauki madara misali: ranar farko kwatan kofi, ta biyu rabin kofi, ta uku kofi cike. Duk ranar da ciwo ya motsa ka tsaya, ka rubuta adadin. Sannan ka huta kwana uku ba tare da ita ba, ka sake zagayen karo na biyu, domin sau ɗaya na iya zama dace. Idan kana son tabbaci sosai, sa wani ya dama maka koko kwana shida, wasu ranakun da madara kaɗan wasu babu, shi ya rubuta a ɓoye, kai ka rubuta yadda ka ji, a haɗa a ƙarshe. Mun yi wa Gwaggo haka da kunun gyaɗa, tunda shi dama fari ne. Ranaku uku da ta yi ƙorafi su ne ranaku ukun madara.

Abin da ake nema a nan shi ne iyakarka. Yawancin masu matsalar laktos suna iya ɗaukar kusan kofi ɗaya na madara in an raba shi cikin yini kuma an sha da abinci. Mai matsalar wake sau da yawa zai ci alale ko ƙosai da aka surfe wakensu, ko waken da aka jiƙa ya kwana aka zubar da ruwan, in dai bai cika faranti ba. Gwaggo yanzu cokali ɗaya take sa wa shayi, kindirmo kuma rabin kofi ba ya yi mata komai. Wakenta da kifinta da yakuwarta duk sun dawo.

Mataki na shida: gyara sauran farantin

Ko ka samu mai laifi ko ba ka samu ba, akwai sauye-sauyen da ke taimakon jiki mai fama da kumburi. Tsarin cin da aka fi nazari a kansa shi ne na ƙasashen bakin Bahar Rum, irin su Girka da kudancin Italiya: ganye da yawa, hatsi da ba a cire masa dusa duka ba, wake, kifi, nama kaɗan, zaƙi kaɗan. Ba sai ka sayi man zaitun ba. In ka duba da kyau, cimar kakanninmu ce da wasu sunaye.

Fara da abin sha, don nan ne riba ta fi sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kimanin giram 50 a rana ga babba, wajen ƙaramin cokali 12, kuma rabin haka ya fi. Kwalbar lemo ɗaya ta kusa cokali 9. Haɗa da na shayi, na koko, na zoɓo da kunun aya, ka ga inda aka kwana. Rage cokali ɗaya duk sati, harshe zai saba.

Sai ganye. Hukumar ta ce giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. A aikace, kwaɗon zogale ko rama ko tafasa sau ɗaya, miya mai ganye da yawa, alayyahu, kabewa, kuɓewa, sannan gwanda ko gwaiba ko lemon zaƙi ɗaya. Malmalar tuwo ta ragu, miya ta ƙaru. Gero, dawa da acca su samu ranakunsu, kada farar shinkafa da fulawa su cinye satin.

Kifi mai maiƙo sau biyu a sati, irin su titus da shawa da sadin, saboda man omega-3 da ke cikinsu yana ɗan rage ƙagewar gaɓa ga masu amosanin garkuwar jiki. Mai gaut ya yi hankali da sadin. Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, kuma dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, don haka a rage shi a ƙara daddawa. Man da aka yi ta suya da shi har ya yi baƙi, a zubar.

Citta da kurkur suna da ɗan tasiri a kan ciwon gaɓa, kuma masoro na taimaka wa jiki ya tsotsi kurkur. A miya da shayi ba laifi. Amma ba su kai yadda ake zuzuta su a WhatsApp ba, kuma mai shan maganin tsinka jini ko mai shirin tiyata ya tambayi likita kafin ya sha su da yawa ko a ƙwaya.

Ga mai ciwon gwiwa da ke da ƙiba, babu wani ganye da ya kai rage nauyi. Kowane kilo ɗaya da ya sauka yana ɗauke wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Mai kilo 90 da ya sauke 5 zuwa 9 yakan ji bambancin a hawa matakala da tashi daga sujada. Wannan, da barin lemon kwalba, da atisayen ƙarfafa cinya da aka koya mata a sashen gashin ƙashi, su suka sauko da lambar gwiwar Gwaggo daga 7 zuwa wajen 4. Ba ta warke ba, amma tana zuwa kasuwa da ƙafarta.

Idan an gwada uku ba a samu komai ba

Tsaya haka nan. Kada ka ci gaba da aske farantinka har ya koma irin na Gwaggo. Mayar da duk abin da ka cire, ka ɗauki littafin ka koma wurin likita, ko ka nemi a haɗa ka da masanin abinci, manyan asibitocin koyarwa suna da sashensu. Wata uku na lambobi da kwanan wata sun fi "jikina ne duk yake ciwo" amfani a ɗakin likita nesa ba kusa ba, kuma daga layukan ƙasan shafi zai iya ganin ko barci ne, ko aiki, ko wani magani.

Wanda kuma ya samu mai laifinsa, in dai ba siliyak ba ce ko irin mai sarƙe numfashi, ya sake gwada abincin bayan wata shida da ɗan ƙaramin adadi. Hanjin da gudawa ko taifot ta wahalar yakan ƙi madara na ɗan lokaci, ya dawo ya karɓe ta bayan ya warke.